Yashin Bayan Gida na Mage da Zomo: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da masu kiwon mage a cikin gida suka fi maimaitawa, musamman mazauna gidan sama da gidajen da aka daɓe tsakar gidansu da siminti ko tayil. Akasarinsu a kan mage ne, sai ɗaya a kan zomo da ɓeran Masar, domin abin da ya dace da mage yana iya zama ajalin zomo.

Mene ne yashin mage, kuma dole ne sai na tanada?

Duk abin da aka zuba a baho ko faffaɗar roba domin mage ta yi fitsari da kashi ta binne, shi ake kira yashin mage, ko da ba yashin gaske ba ne. A gidan ƙasa mai faɗin tsakar gida ba a damu da shi ba, mage kan nemi lungu ta tona abinta. Amma idan gidan duk daɓe ne, ko kuma ana rufe ta da dare, to in ba a tanadar mata wuri ba ita za ta zaɓa da kanta, kuma zaɓinta yakan faɗa kan kafet, tukunyar fulawa, buhun hatsi ko tarin wanki.

Binne kashi ba koya mata ake yi ba. Magen gida ta samo asali ne daga magen dajin Afirka da Gabas ta Tsakiya, dabbar busasshiyar ƙasa mai rairayi, kuma an yi kusan shekara 10,000 da fara zamanta da mutane. Tona da binnewa a jininta suke. Shi ya sa 'yar mage mai 'yan makonni, da an ajiye ta a kan yashi, sai ka ga ta fara tono.

Waɗanne iri ake sayarwa?

Na farko shi ne na yumɓu wanda ba ya dunƙulewa. Wani Ba'amurke mai suna Edward Lowe ne ya fara sayar da shi a jihar Michigan a shekarar 1947, lokacin da mutanen can ma yashi da toka suke zubawa. Yana shan fitsari amma ba ya haɗe shi wuri guda, don haka jiƙaƙƙen yakan gauraya da busasshen, sai an zubar da duka.

Na biyu shi ne mai dunƙulewa, wanda ya bazu daga shekarun 1980. Da wani yumɓu ake yin sa mai suna bentonayit, wanda ke kumbura idan ya sha ruwa. Da mage ta yi fitsari sai wurin ya zama curi mai tauri, a sa matsami a ɗauke, sauran ya zauna a bushe. Shi ne aka fi samu a manyan kantuna da shagunan kayan dabbobi.

Akwai kuma na silika, mai kama da tsakuwar gishiri, dangin ƙwayoyin nan da ake sakawa a kwalin sabon takalmi don su tsotse danshi. Ba shi da nauyi kuma yana riƙe wari, sai dai tsada, kuma wasu maguna ba sa son taka shi. Na ƙarshe su ne waɗanda aka yi da tsirrai: matsattsen garin katako, tsohuwar takarda, masara, alkama, da wanda ake yi da dusar waken suya da ta rage bayan an tace awara. Waɗannan ƙurarsu kaɗan ce, amma na masara da alkama suna saurin yin fumfuna da damina, kuma suna jawo ƙwari idan an bar buhun a buɗe.

A cikinsu wanne mage ta fi so?

Mai laushi, mai ƙananan ƙwayoyi kamar rairayi, marar ƙamshi. Tafin ƙafar mage yana da saurin jin abu, manyan ƙwayoyi masu kaifi suna damunta, musamman tsohuwa ko mai ciwon gaɓɓai. Idan aka jera mata bahuna da iri daban-daban, yawancin maguna mai dunƙulewa marar turare suke nufa.

Wannan ne ma'aunin da ya kamata a fara da shi kafin a duba farashi ko sunan kamfani. Kai ne mai biya, amma ita ce mai shiga. Yashin da ya fi kowanne tsada, idan ta ƙi shi, asara ce biyu, ga kuɗi ya tafi ga kafet ya lalace. In kana shakka, ajiye baho biyu kusa da juna da iri biyu, ka bar su mako ɗaya. Wanda ka fi kwashewa shi ne amsarka.

Ba ni da kuɗin na kanti. Yashin rafi ko na gini zai yi?

Zai yi, kuma mage na son sa ƙwarai. Kada wanda yake amfani da shi ya ji kamar ya gaza wa dabbarsa. Sai dai yana da sharuɗɗa. Yashi ba ya shan fitsari, ratsa shi kawai fitsarin yake yi ya taru a ƙasan baho, shi ya sa zarni ke tashi da wuri. Dole a riƙa zubar da shi gaba ɗaya duk kwana biyu zuwa uku, ba kwashe kashi kaɗai ba.

Sharaɗi na biyu shi ne inda aka ɗebo shi. Tarin yashin da ke bakin titi ko a kango, karnuka da magunan unguwa sun riga ka zuwa, kuma ƙwan tsutsar ciki yana daɗewa a ƙasa bai mutu ba. A ɗebo daga wuri mai tsabta, a tankaɗe da rariya a fitar da tsakuwa da kwalba, a baza shi a rana ya bushe ƙarau kafin a zuba. Yashin da ya gauraya da siminti kuwa a guje shi sam, yana ƙona tafin ƙafa, kuma mage za ta lashe shi lokacin da take gyara jikinta.

Yashi yana kuma bin ƙafa ya watsu a ɗaki. Tsohon buhu ko guntun tabarma a gaban bahon yana rage wannan.

Toka fa, ko dusar katako, ko buntun shinkafa?

Toka ban ba da shawararta ba. Tana tashi ta shiga hanci da ido, tana manne wa ƙafa ta ɓata ko'ina, kuma idan ta jiƙe tana da kaifin da ke cin fata, kamar yadda duk mai tace ruwan toka ta sani. Ga shi kuma ba ta kashe zarni yadda ake zato.

Dusar katako tana shan ruwa fiye da yashi, kuma kusan kyauta ake samunta a wurin masu yankan katako. Matsalar ita ce ba ka san da me ta gauraya ba. Katakon da aka shafa wa maganin gara, ko baƙin mai, ko fenti, ko falankin da aka manne da gam, duk dusarsu guba ce ga dabbar da ke lasar ƙafarta kullum. In za ka yi amfani da ita, nemi ta ɗanyen katakon da ba a sa wa komai ba, kuma ka zaɓi mai ɗan kauri irin wadda kafinta ke fitarwa wajen goge katako, ba garin da ke tashi kamar fulawa ba.

Buntun shinkafa ba shi da illa, amma shan ruwansa kaɗan ne kuma iska na kwashe shi. Ya fi amfani idan an gauraya shi da yashi.

Mai dunƙulewa ya fi tsada. Ya cancanci kuɗinsa?

Ga mai mage ɗaya ko biyu a ɗaki rufaffe, a ganina ya cancanta. Kada a kwatanta farashin buhu da buhu, a kwatanta tsawon lokacin da kowanne ke ɗauka. Marar dunƙulewa ana juye shi duka kusan kowane mako. Mai dunƙulewa curin kawai ake cirewa a ƙara sabo a kai, kuma yana iya kai mako uku zuwa huɗu kafin a juye duka.

Yana da wata fa'ida da ba a cika lura da ita ba: curin yana nuna maka lafiyar magenka. Idan ka saba ganin curi biyu ko uku a rana, sai kwatsam suka zama manya-manya, ko suka koma ƙanana da yawa, ko suka ɓace, akwai magana. Duba amsar da ke kan magen da ta daina shiga baho.

Aibinsa shi ne nauyi da ƙura. Lokacin hunturu, da iska ta riga ta bushe, ƙurar yumɓu na tayar wa mai asma ciwo, mutum ne ko mage, domin maguna ma suna yin asma. A zuba shi a hankali daga ƙasa-ƙasa, ba a tuttulo shi daga sama ba. Idan akwai mai ciwon ƙirji a gidan, na takarda ko na dusar waken suya ya fi.

'Ya'yan mage zan iya zuba musu irin na uwarsu?

In na uwar mai dunƙulewa ne, a'a. 'Ya'yan mage suna ɗanɗana duk abin da suka gani, kuma yumɓun da ke kumbura a baho haka zai kumbura a hanji. Har su kai wata uku zuwa huɗu, a ba su na takarda, ko yagaggiyar jarida, ko tankaɗaɗɗen yashi mai tsabta. Na silika ma a jinkirta shi.

Sukan fara amfani da baho daga mako uku zuwa huɗu da haihuwa. A samo mai gajeren baki, kamar tsohon faranti mai ɗan zurfi, wanda za su iya hawa ba wahala. Bayan sun ci abinci ko sun tashi daga barci a ɗauke su a sa a ciki. Idan ɗaya ya yi a ƙasa, kada a doke shi ko a dangwala masa hanci a ciki. Abin da zai koya daga hakan tsoronka ne kawai, gobe sai ya ɓuya a bayan kujera ya yi.

Na sayi mai ƙamshi don ya kashe wari, amma abin bai canza ba. Me ya sa?

Turaren don hancinka aka sa shi, ba don nata ba. Hancin mage ya fi na mutum ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma ƙamshin lemo da na furanni da ake sakawa yakan kore ta. Shi kuma zarni daga fitsarin da ya kwana yake fitowa, lokacin da ƙwayoyin cuta suka narka shi ya zama iskar amoniya. Turare ba ya hana wannan, haɗuwa kawai suke yi su ba da wani wari na uku.

Maganin wari kwashewa ne, safe da yamma in da hali, sau ɗaya a rana in babu. Ana iya barbaɗa ɗan bakin soda na yin burodi a ƙasan bahon kafin a zuba yashi. Kada a kunna turaren wuta ko a fesa maganin sauro a kusa da wurin. Idan kuma muzuru ne da ba a yi wa fiɗiya ba, warin fitsarinsa daban ne, kuma yakan fesa shi a bango don nuna yankinsa. Wannan ba aikin yashi ba ne, magana ce ta likitan dabbobi.

Wane irin baho, yashi nawa, kuma a ina zan ajiye?

Tsawon bahon ya kai tsawon jikin magen sau ɗaya da rabi, ba a haɗa da wutsiya ba, don ta samu juyawa. Da yawan waɗanda ake sayarwa a kanti sun yi ƙanƙanta. Babbar robar wanki mai faɗi ta fi su, kuma ta fi araha. Zurfin yashi santimita 5 zuwa 7 ya isa. In ya gaza haka fitsari zai manne a ƙasa, in ya wuce kuma watsar da shi za ta yi.

Ƙa'idar da likitocin dabbobi ke bayarwa ita ce baho ɗaya ga kowace mage, a ƙara ɗaya. Mage biyu, baho uku, kuma ba a jere a lungu guda ba, don kada mai ƙarfi ta tsare hanya.

A sa shi inda ba hayaniya, akwai iska, nesa da kwanon abincinta da ruwanta, nesa da kicin, nesa da janareta. Ƙofar wurin kada ta zama mai rufuwa da dare. A gidan Musulmi akwai ƙarin dalili na lura da wuri: jikin mage da abin da ta sha ta rage ba najasa ba ne, amma fitsarinta da kashinta najasa ne, don haka a nisanta bahon da inda ake shimfiɗa sallaya, a kuma sa abin goge ƙafa a gabansa. Baho mai murfi yana ɓoye wari daga gare ka ne ya tara mata shi a ciki, kuma da zafin bazara cikinsa ba ya shiguwa. Buɗaɗɗe ya fi.

Da me zan wanke bahon?

Ruwan zafi da sabulun wanke-wanke marar ƙamshi sosai. A ɗauraye da kyau, a shanya a rana.

A nan ne mutane da yawa ke cutar da magensu da kyakkyawar niyya. Magungunan kashe ƙwayoyin cuta irin su Dettol da Izal, waɗanda ke mai da ruwa fari idan an zuba, suna ɗauke da sinadarai dangin finol. Hantar mage ba ta iya sarrafa waɗannan sinadarai yadda ta mutum ke yi. Ta taka, ta lashe, sai ka ga miyau na zuba, baki ya yi gyambo, wani lokaci abin ya fi haka. Kada a wanke bahonta da su, kada kuma a bar ta ta taka daɓen da aka goge da su kafin ya bushe.

Bilic, wato ruwan nan da ake sa wa fararen kaya su yi haske, ana iya amfani da shi idan an tsarma shi da ruwa sosai, amma sai bayan an wanke fitsarin tas, domin haɗuwarsa da amoniya na fitar da iska mai cutar da huhu. Roba kuma tana tsufa. Idan farce ya kakkarce cikinta wari na maƙalewa a ciki, sai a sauya.

Ina da juna biyu. An ce in rabu da magena. Gaskiya ne?

Ba sai kin rabu da ita ba, amma ki bar wa wani kwashe bahon. Abin da ake tsoro wata ƙwayar cuta ce mai suna tokzoplazma, wadda mage ke ɗauka idan ta ci ɓera ko ɗanyen nama, ta fitar da ƙwanta a kashi na 'yan makonni. Idan mace ta kamu da ita karon farko tana da ciki, tana iya shafar ido da ƙwaƙwalwar jariri, ko ta jawo ɓari.

Abin da ke kwantar da hankali shi ne ƙwan ba ya iya harbin mutum sai ya yi kwana 1 zuwa 5 a waje. Kwashewa kullum tana yanke hanyar tun kafin ta buɗe. In babu mai taimaka miki, ki sa safar hannu da takunkumi, ki kwashe kowace rana, ki wanke hannu da sabulu. Ki sani kuma ana kamuwa da wannan cuta ta naman da bai dahu ba da ganyen da ba a wanke ba, don haka tsiren da cikinsa ke ja da salak ɗin da ba ki san wankinsa ba su ma abin lura ne. Haka shawarar take ga duk wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni.

Yaya zan sauya daga wani iri zuwa wani?

A hankali, cikin mako ɗaya zuwa kwana goma. Fara da kashi ɗaya na sabo a kan kashi uku na tsoho, bayan kwana biyu ko uku ka mai da shi rabi da rabi, a haka har tsohon ya ƙare. Mai dunƙulewa da na ƙwayoyin katako ba sa gauraya da kyau, don haka a tsakaninsu a bi dabarar baho biyu da aka ambata a amsar wanda mage ta fi so. Kada a haɗa sauyin yashi da sauyin wuri a rana ɗaya.

Magena ta daina shiga baho. Laifin yashin ne?

Yana iya zama shi, amma fara da lafiyarta. Idan tana yawan shiga tana fita, tana yunƙuri tana kuka, fitsarin ɗigo-ɗigo ko da jini, ko tana yawan lasar gabanta, mafitsara ce. Ga muzuru wannan gaggawa ce ta gaske, domin hanyar fitsarinsa siririya ce kuma tana toshewa. Muzurun da ya kasa fitsari yana iya mutuwa cikin kwana biyu zuwa uku. Kada a jira gari ya waye, kada kuma a ba shi farasitamol, domin ƙwaya ɗaya tana iya kashe mage. Manyan curi da yawan shan ruwa a tsohuwar mage kuwa suna iya nuna ciwon ƙoda ko ciwon suga.

Idan likita ya ce lafiyarta lau, sai a bi sauran ɗaya bayan ɗaya. An sauya yashi kwanan nan? Ana kwashewa kullum? An kawo sabuwar mage, ko an matsar da bahon, ko yara na tsokanarta idan ta shiga? Wurin da ta ɓata a wanke shi sosai, domin muddin tana jin warin za ta koma. Mage ba ta yin haka don ramuwa ko taurin kai. Akwai abin da ke damunta, kuma duka ba ya gano shi.

Zomo da ɓeran Masar fa, yashin mage zai yi musu?

Ba zai yi ba, kuma mai dunƙulewa ya fi kowanne hatsari. Zomo na cin abin da ke ƙarƙashinsa, kuma ba ya iya amai, don haka abin da ya shiga ya kumbura ba shi da hanyar dawowa. Na silika ma haka. Na masara da alkama kuwa abinci zai ɗauke su ya ci har cikinsa ya ɓaci.

Abin da ya dace da su shi ne na takarda, ko jarida a ƙasa da busasshiyar ciyawa mai yawa a sama. Zomo na son ci yana kashi a lokaci guda, kuma yakan zaɓi kusurwa ɗaya a kejinsa, don haka in ka sa ƙaramar roba a wannan kusurwar da ciyawa a gefenta, da kansa zai saba. A guji dusar katako mai ƙamshi mai ƙarfi, domin man da ke ba ta ƙamshin yana taɓa huhu da hantar ƙananan dabbobi. Kejin da ƙasansa waya ce zalla yana yi musu gyambo a ƙafa, a sa musu falanki ko tabarma a gefe guda. Shimfiɗar da ta jiƙe a cire ta kullum, musamman da zafi, domin ƙuda na yin ƙwai a jikin zomon da gindinsa ya jiƙe.

Ina zan zubar da wanda aka gama da shi?

Na mage a ƙulle shi a leda a sa a shara. Kada a zuba na yumɓu a masai mai ruwa ko a kwata: zai kumbura ya toshe bututu, ya cika sokawe. Ko wanda aka rubuta a buhunsa cewa ana iya kora shi da ruwa, gara a sa shi a shara, saboda ƙwan cutar da aka yi bayani a amsar mai juna biyu yana jure zama a ruwa. Kada kuma a watsa shi a inda yara ke wasan ƙasa, ko inda kaji da awaki ke kiwo, ko kusa da rijiya. In binnewa za a yi, a haƙa rami mai zurfi nesa da lambu.

Kashin mage ba ya shiga takin kayan miya ko na duk abin da za a ci. Na zomo da ɓeran Masar kuwa, tunda ciyawa suke ci, taki ne mai kyau. A tara shi tare da takardar da ciyawar a rami, a riƙa yayyafa ruwa ana juyawa har ya ruɓe, sannan a kai gindin alayyafo ko tumatir.